Takun Gunya

Duk shekara idan hutun makaranta na hunturu ya gabato, samari sukan fara zuwa gonar nan neman aiki. Sun ga doki a waya yana sukuwa, geza tana tashi, sai su ɗauka aikin ke nan. Bara wani ya ce mini shi ko ba a biya shi ba zai yi. Na miƙa masa shebur da baro, na nuna masa barga. Bai kai azahar ba.

Sunana Sale. A unguwar Misfala aka haife ni. Iyayena mutanen ƙasar Kano ne, sun zo Hajji suka zauna. Ban yi makaranta ba. Na yi dako, na tura keken tsofaffi lokacin Hajji, na yi shara a Arfa bayan alhazai sun tashi. Ina da shekara goma sha bakwai aka kawo ni wannan gona da ke cikin kwari bayan Arfa, ta hanyar Ɗa'if, ban kuma sake wani aiki ba. Tunda kuna ta tambaya yadda aikin yake, ga shi.

Wanda ya koya mini Malam Tanko ne, wani Basakkwace dogo, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko a hannunsa kashin dawaki na kwashe. Ban taɓa sirdi ba. Da safe in kwashe, da yamma in kwashe, kuma duk baron da na cika sai ya tsayar da ni ya tambaye ni na wane doki ne, ya bushe ko da laima, akwai yashi a ciki ko babu. Na ɗauka wulaƙanci ne. Sai daga baya na gane a nan ake ganin ciwon cikin doki, kwana biyu kafin ya kwanta yana birgima.

Shekara ta biyu ya koya mini ɗaga ƙafa. Ka tsaya kafaɗarka jikin kafaɗar doki, ka shafa daga gwiwa zuwa ƙasa, ka jira ya ba ka. Ba a ƙwace wa doki ƙafa. Idan ya ba ka, ka riƙe ta tsakanin cinyoyinka a sunkuye har mai gyara ya gama, shi kuwa ya jingina nauyinsa a bayanka kamar ya sami bango. Dawaki goma sha huɗu ne a lokacin, kowanne da ƙafa huɗu. Na yi wata uku idan na yi ruku'u sai na dafa gwiwa da ƙarfi nake miƙewa.

A wannan shekarar ce ya fara sa ni juya baya. Akwai daɓen siminti gaban tankin ruwa, tsawonsa taku ashirin, yana nan har yau. Sai ya ce in fuskanci bangon tanki, shi kuma ya jawo doki ya bi ta kan simintin.

"Mi ka ji?"

"Doki na ji, Malam."

"To da akuya na jawo? Wace ƙafa?"

Lafiyayyen doki taku huɗu yake yi daidai wa daida. Mai ciwo yakan saci ɗaya. Ya ajiye ƙafar a hankali, ya yi saurin ɗauke ta, ya buga 'yar'uwarta da ƙarfi. Ido yana ruɗuwa, don doki yakan ɓoye ciwo idan ya ga mutane. Siminti ba ya ɓoyewa. Wata bakwai na yi ina kallon bangon nan ina faɗin ba daidai ba. Ranar da na ce dama ta baya, kuma haka ne, bai ce na yi ƙoƙari ba. Cewa ya yi in je in ɗora shayi. Wuƙa kuwa sai a shekara ta uku ya bari na riƙe.

Kayan aikin ba su da yawa, duk suna cikin jakar fata guda. Akwai tsinken ƙarfe mai lanƙwasa na ƙwaƙule tsakuwa. Akwai awartaki na datse kofaton da ya yi tsawo, da magagari na daidaita shi. Akwai 'yar guduma da nake ƙwanƙwasa kofato da ita in ji inda doki zai zabura. Sai wuƙar, mai baki kamar ƙugiya, wadda Malam Tanko ya bar mini. An sake mata ƙota sau uku. Tsakanin inda ake fere kofato da inda jini yake ɗan kaɗan ne. Wanda ya zarce da wuƙa ya gurgunta doki na wata guda ko fiye. Shi ya sa ba a ba wa mai gaggawa.

Dawakinmu ba ma sa musu takalmin ƙarfe. Ƙasar nan dutse ce da tsakuwa, busasshiya, ita ke taurara kofato har ya zama kamar ƙaho. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shirin hutu kwana arba'in yake ci. Da zafi dawaki ba sa aiki, ɗan zagaye bayan asuba, sai inuwa da fanka. Wata biyar suna tsaye. Ba za ka ɗauki dokin da ya yi wata biyar a tsaye ka ɗora masa yara talatin a yini ba. Satin farko tafiya ce kawai, ana jansa da hannu. Na biyu a ɗaura sirdi babu mahayi. Na uku a hau, amma ban da gudu. Sha'ir kuma da gwangwani ake ƙara shi, kaɗan-kaɗan. Wanda ya cika wa doki sha'ir don ya yi ƙiba kafin baƙi su zo, zai ga ɗan mutane a ƙasa. Barsim, ɗanyar ciyawar da mota ke kawo mana, sai ta sha iska kafin a zuba. Da sanyi doki ba ya son ruwa, to sai a jiƙa masa 'yar kanwa cikin dusa don ƙishi ya kama shi. Kanwar a unguwar Mansur, cikin gari, Hajiya take sayowa, wajen matan da ke zama da kayan miya.

Hajiya ita ce matata. A gonar muke zaune, a ɗakuna biyu bayan barga. Tana da awakinta da kajinta, da 'yar fadamar yakuwa da kuɓewa inda ruwan tanki yake tsiyaya. Idan arba'in ɗin nan suka kama, gidan duk aiki ne. Ita ke wanke bargunan sirdi ta ɗinke waɗanda suka yage. 'Ya'yanmu mata biyu sukan zo daga gari ranar Juma'a da mazajensu, a tsince duwatsun filin hawa da hannu, a shafa wa sirdi da linzami mai, a yi wa katanga farar ƙasa. Da yamma a shimfiɗa tabarma a ci tuwo, ana jin dawaki suna tauna a bayan bango.

Masu zuwa iyalai ne daga cikin gari. Bayan la'asar sukan iso da darduma da butar shayi da naman gashi. Na ga iri-iri. Akwai uban da zai ce ɗansa gwani ne, a ba shi ingarma, alhali yaron ko jaki bai taɓa hawa ba. Akwai uwar da za ta bi doki ta baya da waya a hannu, daidai inda ƙafa take kaiwa. Akwai ɗaliban ilimi daga gida, su zo su biyar su yi ta ba ni labarin dawakin garinsu, idan aka ce bismilla sai kowa ya ce ɗan'uwansa ya fara. Amma waɗanda suka fi yawa ƙananan yara ne, 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, kuma su doki ɗaya ne nake sakar wa ragama da su a kai. Gunya.

Gunya goɗiya ce, launinta kamar madarar da aka ɗiga wa shayi. A hannuna aka haife ta, shekara ashirin da huɗu ke nan. Idan yaro ya karkace a sirdi takan tsaya da kanta har ya gyara. Idan ya fashe da kuka ba ta motsi. Ban koya mata ba.

Mummunar shekararmu ita ce wadda aka rufe gari saboda annoba. Hunturu ya zo ya wuce ba wanda ya buga ƙofa. Doki kuwa bai san an rufe gari ba, ci yake yi. Mai gonar, Abu Majid, ɗan wanda ya ɗauke ni aiki ne, jikan Hausawa kamar mu, amma Larabci ya fi zama a bakinsa. Ba mugu ba ne. Ya riƙe su iya ƙarfinsa, sannan ya sayar da tara. Biyu daga ciki masu hoto ne suka saya, waɗanda ke tsayar da doki a gindin dutse a Arfa, maziyarta su hau a ɗauke su. Bayan shekara na bi ta can na ga ɗaya, Akawal. An ɗaura masa furannin roba a ka. Yana tsaye kan kwalta cikin rana, kofatonsa ya yi tsawo ya lanƙwashe sama kamar tsohon silifa. Na ce wa mai shi bari in gyara masa kyauta. Ya ce babu lokaci, motar baƙi ta iso. Da na sake komawa babu Akawal. Na faɗi wannan ne don ku san inda tsohon doki yake zuwa idan ya bar gonar nan.

Bara waccan, muna tsakiyar shirin hutu, aka kira ni asibiti a cire mini yanar ido. Likita ya ce sati biyu ban da ƙura, wata guda ban da sunkuyo. Na zauna gidan babbar 'yata a Mansur, bargar kuma na bar wa ɗana Yakubu.

Yakubu a lokacin yana da shekara talatin da ɗaya, da mata da 'ya'ya biyu. Shekara goma ya yi yana wankin mota a gari, kuma ya iya. Motar da ya wanke kana ganin fuskarka a jikinta. Da wurin ya rufe sai ya dawo gona, wata biyu kafin nan. Ba malalaci ba ne. Na faɗa masa yadda zai yi da abinci da ruwan sha da shara da tafiyar safe. Ban ce masa komai a kan wanka ba, don ban taɓa zaton sai an faɗa ba. Laifina ke nan.

Ranar da na dawo da baƙin tabarau, saura kwana goma sha biyu hutu. Hantsi ne. Ina sauka daga mota na ji ƙamshin sabulu. Dawakin suna ta sheƙi, an taje gezar Gunya kamar gashin amarya. Yakubu yana jawo ta daga wajen tanki, suka hau siminti. Idona bai gama washewa ba, amma kunnena lafiya lau.

"Tsaya," na ce. "Juyo da ita."

Ya juyo da ita.

"Tun yaushe take ɗingishi?"

"Wane ɗingishi, Baba? Shuf, dubi yadda take walƙiya. Abu Majid ya sa hotonta a waya, mutane har sun fara kama rana."

"Hagu ta gaba. Me kake yi musu?"

"Wanka. Safe da yamma. Da sabulu mai kyau, wallahi ba na mota ba ne."

Hajiya tana bakin ƙofa da kwanon dusa. Ta ce, "Na faɗa masa. Ya ce mini zamani ya canja."

Na shiga barga. Ƙasan kowane turke ya zama caɓi. Tiyon tanki ya jawo har ciki, yana wanke su a inda suke ɗaure, ruwan ya kwanta, su yini su kwana a cikinsa. Sati biyu. Kofaton da dutse ya taurara shekara da shekaru ya jiƙa ya yi laushi kamar ɗanyen rogo. Sannan kowace safiya ya fitar da su tafiya kan tsakuwar kwari, yadda na ce. Masu ƙuruciyar sun tsira. Gunya tsohuwa ce. Tsakuwa ta sami hanya ta shige, kofato ya rufe a kanta.

"Mota ba ta da kofato," na ce masa.

Iyakar faɗan da na yi ke nan. Na ɗauki wuƙar yanka barsim na datse tiyon, yadda ba zai ƙara kaiwa ƙofar barga ba.

Bayan kwana biyu ba a buƙatar kunne. Gunya ta tsaya da ƙafa uku, ta ɗan dafa ta huɗun da bakin kofato. Abu Majid ya zo da la'asar ya tsaya yana kallonta.

"Ya Ammi Sale, ta tsufa. Na tura wa wani bidiyo, ya ce kafaɗa ce, ba ta warkewa."

"Ba kafaɗa ba ce."

"Ka tabbata? Kai da kake gani rabi-rabi?"

"Kawo hannunka."

Na ɗora bayan hannunsa kan kofaton dama, sannan na hagu. Na hagun kamar kofin shayi.

Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "Tayyib. Amma ka ji nawa. Hutu Juma'ar sama ne. Akwai mai so, cikin masu hoton Arfa. Ya ce ko tana ɗingishi zai karɓa, tunda tsayuwa kawai za ta yi, ya ba ni goɗiya mai ƙuruciya a madadinta. Ranar Alhamis ta sama zai zo da mota. Idan ta taka lafiya a gabana, ta zauna. Idan ba haka ba, halas, shi ke nan."

Kwana tara ke nan.

Miki a cikin kofato kamar maruru ne a cikin akwati. Mugunya ta taru, ba ta da hanyar fita. Sai ka gano wurin, ka buɗe mata 'yar ƙofa. Idan ka buɗe inda ba nan ba, ka ƙara wa doki rami a banza. Tunda an hana ni sunkuyo, Hajiya ta kawo mini kujerarta ta girki na zauna, Yakubu ya riƙe ƙafar. Karonsa na farko ke nan. Ba a jima ba gumi ya fara ɗiga daga hancinsa.

"Baba, nauyinta duk a kaina yake."

"Haka ne."

"Da saura?"

"Ni shekara guda na yi."

Na bi kofaton da guduma, ko'ina na taɓa sai ta zabura. Bai nuna ba tukuna. Sai jiƙo. Sau uku a yini, bokitin ruwa mai ɗumi da gishiri, ƙafar a ciki tsawon shan shayi biyu. Sannan Hajiya ta dama dusa da ruwan zafi da 'yar kanwa, a zuba a tsumman buhu, a naɗe kofaton, a ɗaure da robar taya. Ruwan da ya jawo ciwon da shi ake jawo shi waje, amma ƙafa ɗaya, kuma da awo. Sauran bargar, Yakubu ya kwashe caɓin duka da shebur, ya yi ta turo busasshen yashi daga kwari yana zubawa har hannunsa ya yi kanta. Ban sa shi ba.

Kwana uku babu labari. Gunya ta rage ci, haƙarƙari ya fara leƙowa. A rana ta uku da hantsi, muna jiƙo, Yakubu ya kawo shawara.

"Baba, akwai allura. Wani abokina ya ce idan aka yi mata safiyar Alhamis za ta taka kamar ba komai. Abu Majid ya gani, mota ta koma, mu ci gaba da maganinmu."

"Ranar Juma'a fa?"

"A sake yi."

"A ɗora 'yar mutane mai shekara huɗu kan dokin da bai san inda ƙafarsa take ba."

Hajiya tana dama dusa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ka jiƙa ta, yanzu kuma za ka sa ta yi ƙarya."

"Inna, ni ma so nake ta zauna."

"To riƙe ƙafa," na ce.

A rana ta huɗu, da gari ya waye sosai, na ƙwanƙwasa ta zabura a wuri ɗaya tak, gefen ciki kusa da dunduniya. Na shafa da babban yatsa na ji wurin ya ɗan lotsa. Na tambayi Yakubu ko yana ganin baƙin ɗigo a nan. Ya ce akwai, kamar ƙwayar riɗi. Idon nasa ne, hannun nawa. Na fere kaɗan, ya ce ɗigon yana nan. Na ƙara, ya ce ya ɗan karkata hagu. Na bi shi. A karo na shida wuƙar ta jiƙe. Baƙar mugunya ta tsarto ta ɓata masa riga, wari ya cika barga. Tsakuwar ta biyo baya, ba ta kai ƙwayar dawa ba. Gunya ta yi dogon numfashi, ta sauke ƙafar, ta ɗora mata nauyi. Kafin mu gama wanke hannu ta sa baki a barsim.

Yakubu ya ce, "Alhamdu lillahi, ta warke."

"An buɗe dai. Sai ramin ya cike ya taurara."

Daga nan ba sauran ruwa. Aidin, auduga, busasshen ɗauri, busasshen yashi. Kowace safiya in jawo ta kan siminti, in ce wa Yakubu ya fuskanci bangon tanki. Wani lokaci in musanya ta da wani dokin ban faɗa masa ba.

"Baba, ni fa da 'ya'ya biyu. Ka tsayar da ni jikin bango kamar wanda bai iya hadda ba."

"Me ka ji?"

"Wannan ba ita ba ce. Kili ne."

Kunne yana da shi. Wanda ya shekara goma cikin motoci yana gane injin da ba shi da lafiya tun daga nesa. Kuma shi doki ɗaya yake saurare, ƙafa ɗaya, ya san abin da yake nema.

Ranar Alhamis da hantsi motar ta iso. Mai hoton ya sauko yana ta fara'a, goɗiyar da ya kawo tana bayan mota tana dukan ƙarfe da ƙafa. Abu Majid ya iso bayansa. Na kwance ɗaurin, na jawo Gunya taku ashirin, na juyo da ita. Kanta a sama, kunnuwa a gaba.

Abu Majid ya tafa hannu. "Ma sha Allah. Ta warke, ya Ammi. Gobe ta fara."

Na buɗe baki ke nan Yakubu ya riga ni. Yana tsaye ya fuskanci bangon tanki, ba wanda ya sa shi.

"Da saura. Hagu ta gaba, tana satar taku."

Abu Majid ya juyo wajena. "Haka ne?"

"Haka ne. Kwana huɗu kafin sirdi. Wataƙila biyar."

Mai hoton ya yi dariya. "To kun ji da bakinsu. A sauke tawa, a ɗora wannan."

Abu Majid ya shafa gemu. "Na ce idan ta taka lafiya. Gobe wurin nan zai cika. Ƙananan wa zai ɗauke su?"

"Ba waccan ba dai," na ce. "Saurari bayan motar. Ba za ta ɗauki ƙaramin yaro bana ba, ko baɗi."

"To wa?"

Yakubu ya juyo daga bango. "Kili. Ni zan ja shi da hannu. Kowane yaro, kowane zagaye, ba zan saki ragama ba."

"Daga la'asar har isha'i? Kwana biyar? Ka san tafiyar da ke cikin wannan?"

"Ni na jiƙa ta."

Abu Majid ya dube shi, ya dubi Gunya, ya dube ni. "Ni ban ga komai ba. Da kun yi shiru da ban sani ba."

"Da ka sani ranar Asabar," na ce.

Abu Majid ya ja mai hoton gefe suka yi magana da Larabci, ya ba shi haƙuri, Hajiya ta aiko da shayi. Motar ta koma da abin da ta zo da shi.

Hutu ya kama, wurin ya cika. Yakubu ya yi tafiyarsa kwana biyar, ragamar Kili a hannu, yara suna layi. A rana ta biyu ƙafafunsa suka yi bororo. Hajiya ta ɗauko masa bokitin Gunya da ruwan ɗumi da gishiri, ta ce idan yana so a dama masa dusar ma. A rana ta shida da safe na jawo Gunya kan siminti, ya fuskanci bango. Ya ce in sake. Na sake.

"Huɗu daidai," ya ce.

Ni ma haka na ji. Da la'asar ya ɗaura mata sirdi da kansa. Kafin a kira ɗan kowa, 'yarsa ya ɗauko, mai shekara huɗu, ya ɗora ta, ya saki ragama.

Gunya tana nan a turken farko. Awa ɗaya take aiki a yini, ƙanana kawai. Wanka sau ɗaya a sati, a kan siminti, a bar ƙafa ta bushe kafin a mai da doki turke. Bana Yakubu ya shiga shekararsa ta uku, kuma satin da ya wuce na miƙa masa wuƙa ya fere kofaton Kili, ni na riƙe ƙafar. Tiyon har yau ba ya kaiwa ƙofar barga.

Saura kwana arba'in hutu. Wanda yake son aikin a cikinku ya zo gobe bayan asuba. Shebur yana jingine jikin tanki.